Zafin madabod a Kaduna: ƙarin fanka, sanyayawar ruwa, ko rage wa furosesa wuta?

A tsakiyar bazarar da ta wuce wani ƙanena da ke haɗa bidiyon biki da na suna a wani ɗan shago a Tudun Wada ya kira ni da azahar. Ya ce, "Yaya, kwamfutar nan ta ishe ni. Da na sa ta fitar da bidiyo sai ta yi kamar minti goma tana gudu, daga nan ta koma tafiyar hawainiya, wani lokacin ma ta mutu gaba ɗaya. Na riga na yi magana da wani a kasuwa, zai kawo mini na'urar sanyayawa ta ruwa." Na ce masa ya dakata da biyan kuɗin har in zo in gani da idona. Bayan la'asar na isa, na tarar da kwamfutar a ƙasa, an cusa ta a ƙuryar teburi, bayanta manne da bango, ga rufin kwano, ɗakin sai ka ce tanda. Na kai hannu bayan akwatin, inda ya kamata iska ta riƙa fita da ƙarfi, sai ɗan huci kawai na ji. Da muka auna, furosesar, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, ba ta yi wani zafin a-zo-a-gani ba. Abin da ke ƙuna shi ne madabod ɗin kansa, wato babban allon da duk sassan kwamfuta ke jone a jikinsa, wanda muke taƙaitawa da bod, daidai wurin da yake ciyar da furosesa wuta. Da ya sayi na'urar ruwan nan, da kuɗinsa sun tafi, matsalar kuma ta ƙaru.

Irin wannan na sha gani, shi ya sa nake so in jera hanyoyin da mutane ke bi don rage wannan zafi, in auna su ɗaya da ɗaya da mizanin garinmu, inda ƙurar hunturu da zafin bazara da ɗaukewar wuta duk suke da ta cewa.

Madabod ba wuri ɗaya yake zafi ba. Wurin da ya fi damuna shi ne sashen da masu gyara ke kira VRM, wato jerin 'yan ƙananan na'urorin da ke kewaye da mazaunin furosesa ta sama da ta hagu. Akwatin wutar kwamfuta, wanda muke ce wa fawafak, yana aiko da bolt 12, ita kuwa furosesa abin da take so bai wuce bolt ɗaya da 'yan kai ba. Aikin VRM ke nan, ya sauko da ƙarfin wutar. Yi lissafin da kanka: furosesar da ke cin wat 140 a kan bolt 1.25 tana jan amfiya sama da 100, kuma duk ta cikin waɗannan 'yan ƙananan abubuwan da ba su fi ƙwayar gyaɗa girma ba take bi. Wani kaso na wutar yana zama zafi a hanya. In bod ɗin mai tsada ne, an raba nauyin a kan layuka da yawa an kuma ɗora musu ƙarfen shan zafi mai kauri. In na masu ƙaramin ƙarfi ne, layuka huɗu ko biyar ne tsirara, babu ko ƙyalle a kansu.

Wuri na biyu shi ne cifset, 'yar na'urar da ke haɗa furosesa da sauran sassan kwamfuta, wanda ke can ƙasa ta dama, sau da yawa katin hoto, wato katin da ke sarrafa hotunan da ake gani a fuskar kwamfuta, na hura masa iska mai zafi. Ba kasafai yake kawo matsala ba, ko da yake akwai irin X570 na AMD da ya fito a 2019, wanda yawancin bod ɗinsa sai da aka sa musu 'yar fanka ta musamman saboda yawan wutar da yake ci. In kana da irinsa ka duba ko 'yar fankar nan tana juyawa, domin ƙura na kashe ta ba tare da kowa ya lura ba. Na uku kuma shi ne ma'ajiyar NVMe, 'yar siririyar ma'ajiyar bayanai da ake kwantarwa a jikin bod. Ita ba madabod ba ce, amma a gida ɗaya suke, kuma da yawansu suna fara rage gudu da sun haura digiri 70.

To, nawa ne zafi ya yi yawa? Ma'aunin da manhajoji ke nunawa a matsayin zafin bod gaba ɗaya, in yana tsakanin digiri 30 da 50, babu abin damuwa. Cifset na iya zama a 60 ko 70 yana aikinsa lafiya. VRM ya fi su juriya, domin an ƙera 'yan na'urorinsa su ɗauki 125, wasu ma 150. Sai dai ba su kaɗai ne a wurin ba. Kusa da su akwai kafasitoci, 'yan na'urorin da ke tara wuta suna daidaita ta, waɗanda yawanci a digiri 105 aka ƙayyade musu iyaka, kuma zafi yana cin rayuwarsu a hankali. Masu harkar lantarki suna da wata tsohuwar ƙa'ida kan kafasitoci masu ruwa a ciki, cewa duk ƙarin digiri 10 yana raba kwanansu biyu. Ni dai in na ga VRM a ƙasa da 90 lokacin aiki mai nauyi hankalina a kwance yake. In ya zauna a sama da 100 na tsawon lokaci, akwai gyara.

Ga wani abu da ba a cika faɗa wa mutanenmu ba. Masu gwada kayan kwamfuta da muke kallo a YouTube, galibi a ɗakin da ke da digiri 21 zuwa 25 suke gwajinsu. Mu a Kaduna, a watan Maris da Afrilu zafin rana yakan haura 35, shago mai rufin kwano kuma ya ɗara haka. Fanka ba ta ƙera sanyi, iskar ɗakin kawai take turawa ciki. Saboda haka in ɗakinka ya fi nasu zafi da digiri 12, kusan komai a cikin akwatinka zai fi nasu da digiri 12, ko da kayanku iri ɗaya ne sak. Bod ɗin da aka yaba a Jamus ko Ingila cewa yana tsayawa a 88, a Rigasa ko Kawo cikin bazara 100 zai taɓa. Kada ka ga lambarka ta fi tasu ka ce an sayar maka da jabu.

Kafin ka kashe ko sisi, ka auna. Manhajar HWiNFO64, mai nuna zafin sassan kwamfuta, kyauta ce ga mai amfanin kansa, kuma ta fi takwararta HWMonitor bayani a kan bod. Buɗe ta, ka bar kwamfutar ta huta minti goma ka rubuta lambobin, sannan ka ba ta aikin da ya saba wahalar da ita na rabin awa ka sake dubawa. A nan mutane da yawa ke tayar da hankalinsu a banza. Za ka ga wani layi mai suna AUXTIN ko TMPIN yana nuna 110, ko 127, ko ma wata lamba ƙasa da sifili. Sau da yawa babu wani ma'auni da aka jona a wannan layin, manhajar tana karanta ƙofar da babu kowa a bayanta ne. Gane shi ba wuya: lambar gaskiya tana hawa idan aiki ya yi nauyi, tana sauka idan ya lafa. Wadda ta tsaya cak, ko take nuna 110 minti ɗaya bayan ka kunna kwamfutar da ta kwana a kashe, ƙarya take yi. Akwai kuma akasin haka, bod mai araha da ba shi da ma'aunin VRM kwata-kwata. Shi alamarsa a gudun furosesa take fitowa. In furosesa tana digiri 70 kacal amma gudunta na faɗuwa warwas a tsakiyar aiki, ya dawo, ya sake faɗuwa, to ka zargi VRM. Abin da ya sami ƙanena ke nan.

Hanya mafi araha ita ce shara da sauya wa kwamfuta mazauni, kuma na rantse ita kaɗai tana warware rabin ƙorafin da ake kawo mini. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ƙurar hunturu tana shiga ko'ina, mai laushi kamar garin alkama, ta toshe ragar gaban akwati, ta cika tsakanin haƙoran ƙarfen shan zafi har ta zama kamar bargo. Sai bazara ta shigo daidai lokacin da kwamfuta ta fi kowane lokaci toshewa. Don haka sharar da ta fi muhimmanci a shekara ita ce ta ƙarshen Fabrairu. Zare filogi, fita da akwatin waje, ka sa bulowa irin ta masu gyara daga ɗan nesa, ka danne kowace fanka da yatsa kada iska ta juya ta fiye da ƙima ta lalata mata gindi. Sauran ƙurar da ta manne ka bi ta da buroshin fenti mai laushi, busasshe. Na ga masu ɗaukar akwati zuwa wurin mai faci a hura musu da injin ba taya iska. Ban goyi bayan haka ba, domin tankin injin nan yana tara ruwa da maiƙo, zai iya fesa su a kan bod, ga ƙarfin iskar ya wuce abin da ƙananan kayan nan ke ɗauka. Bayan shara, ɗaga kwamfutar daga ƙasa, ka ba bayanta tazarar aƙalla tafin hannu biyu daga bango, ka fitar da ita daga cikin durowar teburi. Raunin wannan hanya ɗaya ne: in tun asali akwatin ba shi da isasshiyar iska, ko bod ɗin ya yi wa furosesar kaɗan, shara za ta rage zafin ne kawai, ba za ta kai shi inda ake so ba.

Sai ƙarin fanka, wanda a wajena shi ne inda kowace naira ta fi yin aiki. Akwatuna masu araha da yawa suna zuwa da fanka ɗaya tak a baya, wasu ma babu. Tsarin da ya dace shi ne iska ta shigo ta gaba, ta ratsa kan bod, ta fita ta baya da sama. Fankoki biyu masu milimita 120 ko 140 a gaba, ɗaya a baya, ya ishi yawancin mutane. Ta 140 ta fi tura iska ba tare da ƙara mai yawa ba, in akwatin yana da mazauninta. Ka lura da fuskar fanka, domin kuskuren da aka fi yi ke nan: iska tana fita ne ta ɓangaren da ke da sandunan da suka riƙe injin, kuma wasu suna da 'yar kibiya a gefe. Na taɓa buɗe akwati na tarar da fankoki huɗu duk suna tura iska ciki, babu mai fitarwa, mai ita yana mamakin yadda ya sayi fanka har huɗu amma zafi bai sauka ba.

A garin ƙura irin namu ya fi kyau iskar da ke shiga ta ɗan fi mai fita yawa, kuma ta bi ta raga mai tace ƙura. In mai fita ta fi yawa, akwatin zai riƙa zuƙo iska ta kowace kafa da kowane tsagi, inda babu matata, ƙura ta cika shi cikin 'yan makonni. In za ka iya, sayi fanka mai ƙafa huɗu a filoginta, wadda bod ke iya ƙara mata gudu ko ragewa gwargwadon zafi. Sannan fankar da ta fi taimakon VRM kai tsaye ita ce wadda ke sama ta can baya, daidai saitin mazaunin furosesa, da kuma ta bayan akwati.

Amma fanka ba ta da amfani in babu inda za ta sha iska. Akwatunan da matasa ke rububi yanzu, masu gilashi a gaba da fitilu masu launi, da yawansu sun toshe gaban sun bar 'yan tsaguna a gefe. Suna da kyau a ido, ban musa ba. A bazarar Kaduna kuwa akwati mai raga a gaba ya fi su nesa ba kusa ba. Gwaji mai sauƙi: cire murfin gaban ka sake aunawa. In zafi ya sauka da digiri biyar ko fiye, akwatin ne ke shaƙe kwamfutarka.

Nan ne ya kamata in taɓo dabarar da kowa ya sani, ta cire murfin gefe a saita fankar ɗaki tana hura ciki. Tana aiki, kuma a ranar da aiki ya matse ka, amarya na jiran bidiyonta, ni ma zan ce ka yi. Har ma hanya ce mai kyau ta gwaji, domin in matsalar ta ɓace da ka yi haka, ka tabbatar rashin iska ne. Sai dai ba ta zama maganin dindindin. Ƙura za ta shiga ba shamaki, kyankyaso da tsaka su sami ɗaki, yaro ya zura hannu, ko wani ya ture kofin shayi. Da damina kuma feshin ruwa ta taga ya isa ya gama da bod.

Yanzu ga inda kuɗi masu yawa ke salwanta, wato zaɓen na'urar sanyaya furosesa. Iri uku ne, kuma kowace tana da yadda take shafar madabod, abin da masu sayarwa ba sa faɗa. Ta farko ita ce wadda ke zuwa a kwalin furosesa, mai fanka a kwance tana hura iska ƙasa. Ana raina ta, kuma gaskiya ba ta iya wa babbar furosesa. Amma tana da wata falala: iskar da ta hura tana bazuwa ta kowane gefe a kan bod, ta bi ta kan VRM. Bod ɗin masu araha da yawa da wannan iskar suka dogara. Ta biyu ita ce mai tsayuwa kamar hasumiya, da bututun tagulla da fanka a tsaye tana tura iska zuwa baya. Ta fi ta farko sanyaya furosesa sosai, kuma in fankarta ta ɗan sauko ƙasa, wani ɓangare na iskar yana shafar VRM kafin ya fita. Babu abin da zai lalace a jikinta sai fanka, wadda za ka samu ka canja a cikin gari.

Ta uku ita ce ta ruwa, mai famfo a kan furosesa da tiyo biyu zuwa lagireto. Tana ɗauke zafin furosesa ta kai shi can gefen akwati, wannan gaskiya ne. Amma da zarar ka cire fankar da ke kan furosesa ka sa famfo a madadinta, kewayen mazaunin ya zama wurin da iska ba ta motsi. Furosesa ta yi sanyi, ta sami damar ƙara gudu, ta ƙara jan wuta, VRM kuma ya ƙara ɗaukar nauyi ba mai hura masa iska. In kuma lagireton a gaba aka ɗaura shi, iskar da ke shigowa akwatin ta riga ta ɗumama kafin ta iso bod. Ga mai bod babba da ƙarfen shan zafi mai kauri da fankoki isassu, wannan ba komai ba ne. Ga mai ƙaramin bod tsirara, ya sayi ciwo da kuɗinsa. Ƙari a kan haka, haƙoran lagireto sirara ne, ƙurar hunturu tana toshe su da sauri, famfo yana mutuwa bayan wasu shekaru, kuma in ya mutu ba gyara, sai dai a sayi sabuwa ɗungurungum. In matsalarka zafin furosesa ce, kana da babbar furosesa mai cin wat 200 ko fiye, na'urar ruwa tana da hujja. In matsalarka madabod ne, ba maganinsa ba ce. Ga yawancin mutanen Kaduna mai hasumiya na fi ba da shawara.

Hanyar da na fi so a raina, wadda kuma ba a biyan ko kwabo, ita ce rage wa furosesa wutar da take ja. Zafin VRM daga yawan wutar da ke ratsa shi yake fitowa, kuma ba ƙaruwa ɗaya bayan ɗaya yake yi ba: in wutar ta ninka, wani ɓangare na wutar da ke zama zafi ninki huɗu yake yi. Don haka ɗan ragi kaɗan yana kawo sauƙi mai yawa. A furosesoshin Ryzen na AMD akwai tsarin rage wuta mai suna Eco Mode a cikin BIOS, wato shafin saitunan bod da ake shiga lokacin kunna kwamfuta. Furosesar da aka rubuta mata wat 105, irin su 5800X, a zahiri tana da izinin jan har 142. In ka mayar da ita tsarin wat 65, iyakarta ta koma 88. A ɓangaren Intel iyakokin biyu ne, PL1 da PL2. Ɗauki i5-12400, an rubuta mata 65 amma tana iya kaiwa 117 in ta taso, ita kuwa i9-13900K har 253. Wasu bod ɗin ma suna zuwa da waɗannan iyakoki a buɗe don su nuna sun fi gudu. Ka shiga ka mayar da su daidai, ko ka rage.

Me za ka rasa? Gudu kaɗan a ayyukan da ke amfani da furosesa gaba ɗayanta, kamar fitar da bidiyo, kuma yawanci asarar ba ta kai yawan wutar da aka rage ba, domin matakin ƙarshe na gudu shi ne mafi cin wuta. A wasanni da aikin ofis da ƙyar ka ji bambanci. Kuma ka tuna da wa kake kwatantawa. Furosesar da ke tafiya daidai wa daida daga farko har ƙarshe ta fi wadda ke zabura ta faɗi, ta zabura ta faɗi, saurin gama aiki. Ga mai amfani da inbata ko sola akwai riba ta biyu, batir zai ƙara jimawa, ɗakin ma zai rage ɗumi. Abin lura kawai, in ba ka saba da BIOS ba, ka taɓa abu ɗaya a lokaci guda, ka rubuta yadda yake kafin ka sauya. Akwai mataki na gaba na rage bolt ɗin kansa, yana da amfani amma yana buƙatar gwaji mai tsawo, in aka wuce gona da iri kwamfuta ta riƙa sandarewa.

Liƙa wa VRM 'yan ƙananan ƙarafan shan zafi kuwa, aiki ne na mai hannu. Yana taimaka wa bod tsirara, amma sai da iska a kansu, kuma in gam ɗin ya saki saboda zafi ƙarfen ya faɗo kan katin hoto, zai iya haɗa wuta. In bod ɗin yana da ƙarfensa tun asali amma ya tsufa, wataƙila shimfiɗar roba mai kai zafi da ke ƙarƙashinsa ce ta bushe. Ana canja ta, sai dai kaurin ya zo daidai, ko rabin milimita, ko ɗaya, ko ɗaya da rabi. Siririya ba za ta taɓa ba, mai kauri za ta lanƙwasa bod. Sau da yawa 'yar fanka mai milimita 80 da aka ɗaure tana kallon wurin ta fi wannan duka sauƙi da tasiri.

Na'urar sanyaya ɗaki ita ce kaɗai ke taɓa tushen da na ambata, wato zafin ɗakin kansa. In ta sauke ɗaki da digiri goma, komai a akwatin ya sauka kusan haka, kuma rufe ƙofa da taga yana rage ƙura. Ga cibiyar jarrabawar kwamfuta ko ɗakin wasanni mai injuna ashirin, babu makawa sai ita, domin injunan kansu murhu ne. Ga mai kwamfuta ɗaya kuwa lissafin bai fita ba. Mai doki ɗaya tana cin wuta kusan wat 800 zuwa 1000, wato ninki biyu ko uku na abin da kwamfuta matsakaiciya ke ci, kuma ranar da aka ɗauke wuta ka koma ƙaramin janareta, kwamfutar za ta tashi, ita ba za ta tashi ba. Kwamfutar da ba ta iya aiki sai da sanyin ɗaki, a garin nan, ba ka gama gyara ta ba. In kana da halin sa ta, alhamdu lillahi, amma a gyara iskar akwatin tukuna. Wanda ba shi da hali ya mayar da aiki mai nauyi zuwa bayan isha'i ko da asuba, lokacin da gari ya huce.

Canja madabod shi ne na ƙarshe, kuma yana zama dole ne a yanayi guda: an ɗora wa jaki kayan raƙumi. Bod masu araha irin A320 ko H610 galibi an yi su ne don furosesoshi masu wat 65. Babbar furosesa tana iya shiga mazaunin ta kuma tashi, amma shiga daban, ɗauka daban. In kana cikin wannan hali zaɓi biyu gare ka, ko ka rage mata wuta ka haƙura da abin da ta ba ka, ko ka sayi bod mai ƙarfen shan zafi a ɓangarori biyu na mazaunin. Idan za ka saya, ka ɗaga shi ka duba ƙarfen ne na gaske mai haƙora ko roba ce ta ado. Masu kwamfutocin ofis na tokumbo, irin ƙananan HP da Dell da Lenovo da suka cika kasuwa, su nasu daban ne. Yawancinsu bod ɗinsu da filogin wutarsu na kamfanin ne kaɗai, BIOS ɗin kuma ba ya ba da damar taɓa iyakar wuta. Su maganinsu shara, sabon man shafawa tsakanin furosesa da ƙarfenta, tabbatar da murfin robar da ke jagorantar iska yana wurinsa, da barin cusa musu katin hoton da ya fi ƙarfinsu.

In kai mai shagon buga takardu ne ko aikin ofis, shara sau biyu ko uku a shekara da fanka ɗaya mai kyau a baya sun ishe ka. Mai wasanni ya fi buƙatar akwati mai raga da fankoki uku, domin katin hotonsa ne ke cika akwatin da zafi. Mai haɗa bidiyo ko zanen gine-gine, wanda furosesarsa ke awa guda tana aiki ba hutu, shi ne VRM ke kamawa, kuma shi ya fi cin moriyar rage wuta tare da mai hasumiya.

A shagon ƙanena abin da muka yi bai ɗauke mu awa biyu ba. Muka fitar da akwatin bakin ƙofa muka hure shi, ƙura ta tashi har maƙwabcinsa mai ɗinki ya leƙo yana tambayar ko lafiya. Muka ɗora shi a kan teburi nesa da bango. Na aike shi ya sayo fankoki biyu, ɗaya muka sa a gaba, ɗaya a sama ta baya, na shiga BIOS na kunna Eco Mode. Sannan na ce ya sake fitar da bidiyon da ya gagare shi da azahar. Muka zauna muna kallon lambobin HWiNFO64, gudun furosesar ya tsaya wuri ɗaya bai faɗi ko sau ɗaya ba har aikin ya kammala ana kiran magariba. Ya ce, "Yaya, to kuɗin na'urar ruwan fa?" Na ce ya ajiye su, in ya ƙara a kai ya sayi akwati mai raga kafin hunturu ya shigo, ya kuma sayi bulowa tasa ta kansa ya rataye a shagon.